Daga Legas zuwa Kano da kwamfuta a cinya: fatake sun riga mu aiki a kan hanya

1/ Tun bayan korona ake tallata mana "aiki daga ko'ina" kamar wani sabon abu da Turawa suka ƙirƙiro. Alhali Kanawa sun fi shekara 200 suna gudanar da kasuwanci daga bakin hanya, ofishinsu a bayan jaki. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama.

2/ Abin da ya jawo zancen: na yi kwana 12 daga Legas zuwa Kano a mota, ƙanena na tuƙi, ban ɗauki hutun ko yini ɗaya ba. Aikina fassara ne da gyaran rubutu ga wani kamfani a Turai, kullum akwai mitin ƙarfe biyu na rana. Saboda haka sai mu tashi bayan asuba, mu sauka kafin azahar, in nemi wuta da sabis in zauna aiki. Tafiyar da tirela ke gamawa cikin kwana biyu ko uku muka ja ta haka.

3/ Wannan tsarin ba ni na ƙago shi ba. Haka ayari ke yi: a ɗaura kaya da duku-duku, a yada zango kafin rana ta take. Sauran yinin na aiki ne. A kiwata dabbobi, a ci kasuwar garin, a buɗe huhun goro a yayyafa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata saura. Farke ba wai yana tafiya zuwa wurin aiki ba ne. Tafiyar ce aikin.

4/ Babbar hanyarsu a ƙarni na 19 ita ce ta Gwanja. Daga Kano ko Katsina a tsallake Kwara, a ratsa ƙasar Borgu, a bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yendi, a sauka Salaga, cikin Ghana ta yau. Su kai kanwa da turkuɗi da fatu da dabbobi, su ɗauko goron da ke fitowa daga dajin Asante. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokacin shekara guda cur.

5/ Kuma ba 'yan mutum goma ba ne. A 1826 Bature Clapperton ya tarar da ayarin Hausawa a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta maza da mata sun haura dubu, dabbobin ma kamar haka. Gari ne guda yake tafiya.

6/ Gari kuwa sai da shugabanci. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke zama da sarakunan hanya a daidaita kuɗin wucewa. Jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki na tattara abin da kowa zai bayar na garama da fito. Akwai malami mai rubutu da addu'a da zaɓen ranar tashi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka yi fice a harkar.

7/ Kada mu yi wa tarihi kwalliya fa. Kaya da yawa a kan bayi aka ɗauke su, kuma bayi na cikin abin da ake saye da sayarwa a Salaga. Wanda ke ɗauke da huhun goro daga can har Kano ba lallai da son ransa ya fito ba. In muna alfahari da madugai, mu tuna da wannan ma.

8/ To mu dawo kan titi. Zangonmu na farko Shagamu ne, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba in gosulo ya yi maka sauƙi. Me ya kai unguwar Hausawa Shagamu? Goro. Bayan Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, hanyar Gwanja ta fara mutuwa. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi shuka irin na Gwanja a Agege da Shagamu da kewaye. Fatake suka bi shi.

9/ Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka fara gane wannan sauyin. Ya yi fataucin goro ta ƙasa, sannan ya koma ɗora shi a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Legas. Ku riƙe sunan, za mu sake haɗuwa da shi.

10/ A Ibadan muka kwana biyu, a Sabo. Nan ne zaren nan ya samo asali a kaina, don haka zan daɗe a nan.

11/ An kafa Sabo ta Ibadan a 1916. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna cikinta a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi a kanta, ya fito a 1969. Tambayar da ta dame shi ita ce: ta yaya mutum a Kano zai tura shanu ɗaruruwan mil zuwa Ibadan, a sayar wa mahauci bashi, ba banki, ba takardar kotu, kuma kuɗinsa su dawo?

12/ Amsar ita ce maigida. Baƙo ya sauka gidansa, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, yaransa dillalai su nemo mai saye. Uwa-uba, shi ke tsaya wa bashin. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya, in kuwa bai biya ba labari zai isa Arewa kafin jirgin gobe, babu mai sake sauka gidansa. Jarinsa sunansa ne. La'ada ake ba shi, amma abin da yake sayarwa amana ce.

13/ Ku duba da kyau: masauki, ma'ajiya, banki, inshora, tafinta, kotu, duk a zaure ɗaya. Kuma irin wannan zauren na nan a kowane zango daga Kano har Kumasi. Abin da ya sa Bahaushe ke iya aiki daga nesa kenan tun babu waya.

14/ Wani dattijo a Sabo ya ga na kafa kwamfuta a ƙofar shagon ɗansa ina jan wuta daga sola. Ya tambayi sana'ata, na yi masa bayani. Ya ce, "To ɗana, su waɗannan mutanen naka, ka taɓa ganinsu?" Na ce a allo kawai, Baba. Ya ce, "In suka hana ka kuɗinka, wa ya tsaya maka?"

15/ Gaskiyar magana, babu. Akwai takardar yarjejeniya da na sa wa hannu ta imel, wadda ta ce in rigima ta taso kotun ƙasarsu ce za ta duba, ƙasar da ko bizarta ba ni da ita. Duk wanda ke aikin intanet a cikinku ya san wani da aka rufe wa asusu da kuɗinsa a ciki, ya yi ta aika saƙo na'ura na ba shi amsa. Farken 1960 yana da wanda zai kama wa riga. Mu ba mu da shi.

16/ Oyo, Ogbomosho, Ilori. Tireloli da ramuka, ba abin da zan ƙara muku. A Ilori dai ku sani akwai unguwar Gambari, tsohon masaukin fataken Arewa, kuma da wannan sunan Yarbawa ke kiran Bahaushe har gobe.

17/ Daga nan sai Jebba, inda aka tsallake Kwara. A nan jirgin ruwan Dayspring ya daki dutse ya nitse a 1857, da Baikie da Samuel Ajayi Crowther a tawagar, suka yi watanni a bakin kogi suna jiran ɗauki. A nan kuma jirgin ƙasa ya yi shekaru yana tsayawa a ɗora taragai kan jirgin fito, sai a tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko aka gama gada.

18/ Tsakanin Jebba da Mokwa tirela ta faɗi ta tare hanya. Muka yi awa biyar a tsaye. Sabis sanda ɗaya, ya zo ya tafi. Ƙarfe biyu ta yi, na hau kan tudu riƙe da waya sama kamar mai neman wata, na shiga mitin, muryata na yankewa, aka ce in rubuto kawai. Washegari saƙo ya zo cikin ladabi irin nasu: suna fata "matsalar haɗin" ba za ta maimaitu ba. Wanda ya san Turawa ya san wannan gargaɗi ne.

19/ Ina kan tudun nan na tuna da Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Bajamushe ne da gwamnatin Ingila ta ɗauka aiki, ya yi 1850 zuwa 1855 yana yawo a ƙasashenmu yana aika rahoto Landan. Ya shigo Kano a farkon 1851 da bashi a wuyansa, don kuɗin aikinsa sai sun ratso Sahara ta Tarabulus da Murzuk, wata da watanni.

20/ Da ya tafi Tambutu aka daina jin ɗuriyarsa, labari ya isa Turai cewa ya mutu, har aka rubuta ta'aziyyarsa. A ƙarshen 1854 ya yi kiciɓis da ɗan ƙasarsu Vogel a dajin Borno, mutumin da ya ɗauka ya daɗe a kabari. Ni awa biyar na ɓace aka fara tunanin maye gurbina. Shi an ba shi shekara kafin a binne shi a jarida.

21/ Su fatake ta yaya suke aika saƙo? Da baki ta hannun amintacce, da kuma wasiƙa. Malam Umaru, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salaga ko na Karaci, haifaffen Kano ne a 1858, ɗan farken goro. Yana saurayi, wajen 1877, ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake tsara wasiƙa, da samfurin da mutum zai kwafa. Wato abin da muke nema a Google yau, "yadda ake rubuta imel na aiki", wani ɗan Kano ya tanade shi kusan shekara 150 da suka wuce. Ya rasu a Kete Karaci a 1934.

22/ A Mokwa hanya ta rabu biyu. Miƙaƙƙiyar ita ce ta Tegina da Birnin Gwari zuwa Kaduna, wadda iyayenmu suka sani. Ba mu bi ta ba, kun kuma san dalili. Muka karkata ta Bida da Minna da Suleja, ƙarin mai, ƙarin kwana.

23/ Wannan zaɓin shi ne ainihin aikin jagaba. Kafin mu tashi kowace safiya ƙanena sai ya je tasha ya tambayi direbobi: ina aka tare jiya, ina sojoji suke, ƙarfe nawa motar farko ta wuce. Taswirar waya za ta nuna maka hanya mafi kusa, ba ta san inda aka kwashi mutane shekaranjiya ba. Sau biyu ta ce mu bi wani yanke, sau biyu direbobi suka ce kul.

24/ Bambancin shi ne madugu na da wanda zai zauna da shi. Ya biya garama, sarkin ƙasar ya ɗauki nauyin ayari har ya fita iyakarsa, wani lokacin da rakiyar mahaya. Ana fashi a da, sosai ma, Borgu ta yi suna a kai. Amma kuɗin da ka biya na sayen wani abu. Mu mun ƙirga shingaye har muka gaji, a wasu an karɓi na goro, kuma ba wanda ya ce mana daga nan zuwa can kuna hannuna.

25/ Wani abin haushi a jihar Neja: Kainji tun 1968, ga Jebba, ga Shiroro, ga sabuwar tashar Zungeru. Wani kaso na wutar ƙasar nan daga ruwansu yake fitowa. A nan ne kuma na biya kuɗin ɗaki a wani otal da sharaɗin janareta zai kai asuba, sha biyun dare aka kashe shi. Na ƙarasa aikin a cikin mota, inji na kunne, fetur na ƙonewa a farashin bayan cire tallafi na 2023.

26/ Kafin Minna za ka tsallake tsohon layin dogo. Wannan ne layin Baro zuwa Kano da aka fara a 1907 zamanin Gwamna Girouard, injiniyan jirgin ƙasa. Ya isa Kano a 1911, aka haɗa shi da na Legas a Minna, a 1912 kaya suka fara zirga-zirga. Tafiyar da jaki ke yi a makonni ta koma 'yan kwanaki. Ayarin ƙafa bai sake farfaɗowa ba.

27/ Amma ga inda labarin ya yi daɗi. Turawa auduga suka sa rai jirgin zai kwaso wa masaƙun Lankasha. Sai manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Wa ya kai musu labarin farashin har ƙauye, ya ba da kuɗi da gishiri da tufafi tun kafin kaka? Tsofaffin fataken goro da yaransu. Kamfanonin Turawa na da jirgi da kuɗi, amma ba su san kowa ba. Ɗantata ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa, dalar gyaɗar da kuke gani a hoto daga nan ta taso.

28/ Wato fasaha ta kashe jakin, ba ta kashe zumuncin ba. Wanda ke da mutane a kowane zango shi ya ci ribar jirgin.

29/ Garuruwa kuwa ba su da wannan sa'ar. Hanya na kaucewa, gari ya bushe. Salaga ta koma ƙaramin gari. Baro, da aka gama gadar Jebba, ta zama tashar da ba a bukata. Zungeru ta riƙe hedikwatar Arewa daga 1902, a nan aka haifi Azikiwe a 1904, aka kwashe hedikwatar zuwa Kaduna a 1917. Ina tunanin masu abinci da masu faci na hanyar Birnin Gwari da duk motar da ta karkata ta Bida kamar tamu ta hana ciniki.

30/ Suleja zuwa Kaduna ban buɗe kwamfuta ba, ban ma yi magana ba. Kowa ya san hanyar. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya zama mafaka ga masu gudunta, har daren 28 ga Maris 2022 da aka kai masa hari, aka kashe mutane, aka tafi da wasu daji na tsawon watanni. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

31/ Kaduna ce ta ba ni yini biyu mafi sauƙi: wuta, sabis cike, wurin zama da shayi. A nan na biya bashin aikin Mokwa. Ga 'yan ƙasa da shekara 25 a cikinku, wannan sabis ɗin da kuke zagi bai girme ku da yawa ba. A watan Agustan 2001 aka fara GSM a Najeriya. Kafin nan layukan waya a ƙasar gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, mutum kan yi layi don ya kira ɗan'uwansa na minti uku.

32/ Kuma abin da aka kunna ana iya kashe shi. A Zariya, in ka ɗauki hanyar Funtuwa, za ka nufi Gusau. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka ƙara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su buga waya ko su tura kuɗi. Wasu suka koma rubuta wasiƙa a ba direba a tasha, kamar zamanin Malam Umaru.

33/ A shekarar ce kuma aka toshe Twitter daga Yuni har Janairun 2022. A Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice. A Oktoban shekarar jihohin Arewa da dama suka fi mako cikin duhu. Mai shago zai iya buɗe shagonsa a duk waɗannan ranakun. Mai aikin intanet a Gusau ko Kano zaman dirshan ya yi, kuma wanda ya ɗauke shi aiki a Turai ba ruwansa da dalili.

34/ Shi ya sa nake jin wani iri in na ga ana ce wa matasanmu ku koyi aikin kwamfuta kawai, ofis ya mutu, ko'ina ofis ne. Ku koya, ni ma da shi nake ci. Amma hoton Bature a bayan mota da kwamfuta a bakin tafki yana tsaye ne kan titi mai lafiya, da wuta, da dokar da za ta karɓo masa haƙƙinsa. Shi bai ga waɗannan ba don bai taɓa rasa su ba. A nan kowanne da kuɗinka za ka saya: sola, layi biyu ko uku, batir, da kwanan otal don kada dare ya same ka a hanya. Na lissafa, kusan rabin abin da na samu a kwana 12 ɗin nan hanya ta cinye.

35/ Muka wuce Kura, garin marina da 'yan bugu, inda turkuɗin da ake kai wa Buzaye da Gwanja ke fitowa. Yau shinkafa ce ta cika bakin titin. Sai Kano.

36/ Kafin in je gida na sa ƙanena ya kai ni kasuwar goro ta Mariri, don in ga ƙarshen abin da na gani a Shagamu. Ana sauke huhuna daga tirela, wani Alhaji na zaune da ƙaramar waya mai tocila da littafin lissafi. Na gaishe shi, hira ta yi hira. Ya ce mai turo masa kaya daga Kudu sun fi shekara ashirin suna harka, sau uku suka taɓa haɗuwa. Kaya su taso, ya sayar, ya tura kuɗi, wancan ya ga alat.

37/ Na ce, Alhaji, in mota ta kwana uku a Mokwa goro ya lalace fa, asarar wa? Ya ce ai ba a kan waya ake yanke wannan ba. Akwai shugabannin kasuwa a nan, akwai nasu a can, su za su duba kayan su raba asarar, kuma wanda ya ƙi hukuncin ba zai sake samun mai ba shi kaya ba daga nan har Shagamu. Mahaifinsa ma a gidan mahaifin wancan yake sauka.

38/ Na tambaye shi ranar da aka rasa sabis yaya suke yi. Ya nuna min direban da ke kwance ƙarƙashin tirela yana barci, ya ce, "Ga shi nan. Jibi zai koma."